Na Gyara Ɗa, Na Bar Uwa

Wata takwas ne tsakanin daren da na sa hannu a fayil ɗin da safiyar da aka ce wa ƙanena ya zo ya yi bayanin abin da ya ɓata. Bai ɓata komai ba. Ni na ɓata. Shi dai ƙa'idar da na tsallake ya bi, kuma bin ƙa'idar ne ya tono abin da na binne, ya ɗora shi a kan sunansa.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, a wurin aiki ya zama ƙanena. Ni na kawo shi ƙungiyar bayan ya gama jami'a, ni na tsaya masa, kuma tun ranar farko Yaya yake ce mini. Mu shida ne, kowa a garinsa, wasu ma a wata nahiyar, intanet ce ta haɗa mu. Aikinmu kula da wani reshe na GCC da muka daidaita domin wata ƙaramar firosesa da ake sakawa a cikin na'urorin awo. Ga wanda ba sana'arsa ba ce, GCC kamfaila ce, wato tafinta tsakanin mutum da inji: mai rubuta manhaja ya yi rubutunsa da harshen C ko C++, ita kuma ta mayar da shi umarnin da firosesa ke ganewa. Richard Stallman ne ya fitar da ita a 1987, kuma tushenta a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya karanta, ya gyara, ya yi reshensa kamar yadda muka yi.

Kafin a gina kamfailar, sai an yi wa kwamfutar da za a yi ginin a kanta tambayoyi. Wace iri ce ke? Me kike da shi, me kika rasa? Wace firosesa za a yi wa tafinta? Mai wannan tambayar wani dogon fayil ne da ake kira configure, kuma ba mutum ke rubuta shi ba. Mutum gajeren fayil yake rubutawa, configure.ac, sai wata manhaja mai suna Autoconf, wadda David MacKenzie ya fara a 1991, ta karanta gajeren ta haifar da dogon. Haka 'yar'uwarta Automake ke karanta Makefile.am ta haifar da Makefile.in. Ni da ƙanen nawa uwa da ɗa muke ce musu. Ɗan da ke babban ɗakin gcc kaɗai ya haura layi 30,000, kuma kusan kowace laburare da ke tafe da kamfailar tana da nata.

A GCC, uwar da ɗan duka ake ajiyewa a rumbu. Hikimar ita ce wanda ya zo gini kawai ba sai ya mallaki Autoconf ba. Amma akwai bashin da wannan sauƙin ke ɗorawa a kan masu gyara: duk wanda ya taɓa uwa, wajibi ne ya sake haifar da ɗa, kuma da kayan aikin da kowa ke amfani da su, ba makamantansu ba. Autoconf 2.69 da Automake 1.15.1. A kansu aka tsaya tun 2018, lokacin da aka baro 2.64 da 1.11.6. Ita 2.69 ɗin tun 2012 ta fito. An yi 2.70 a ƙarshen 2020, aka yi 2.71 a farkon 2021, GCC ba ta motsa ba. Har wani ɗan fayil aka ajiye a ɗakin config, override.m4, wanda ke tsayar da aikin cak idan ya ga wata siga daban.

A lokacin, ban ɗauki wannan a bakin komai ba illa taurin kan dattawa. Na sha faɗa a zuciyata cewa in dai ɗan ya fito yana aiki, ina ruwan wani da wadda ta haife shi? Daga wannan raini komai ya faro, ba daga daren da zan ba da labarinsa ba.

Damina ce ta 2022. Firosesar tamu tana da sigogi, kuma ta 2 zuwa ta 4 ba su da umarnin rabawa a jikinsu. In lissafi ya kai ga raba lamba da lamba, sai an yi shi da manhaja, a hankali, mataki-mataki. Sababbin sigogin kuwa umarni ɗaya ya ishe su. Aka ba ni aikin koya wa ɗaya daga cikin laburarorinmu ta riƙa bambancewa tun a lokacin gini. Aikin layi goma ne a cikin configure.ac. Na rubuta, na kira Autoconf, sai ta ƙi. Wadda ke kan kwamfutata 2.71 ce, kuma mai gadin nan, override.m4, ya ce 2.69 yake so, ita ɗin kanta.

Hanyar gaskiya a fili take: in je rumbun GNU in sauko da tushen 2.69, in gina ta a wani ɗaki nata daban. Ba ya cin minti goma. Amma nau'in Linux ɗin da nake amfani da shi yana da ƙunshin da aka rubuta wa 2.69, umarni ɗaya ne ya sauko da shi. Na sauko da shi, na sake kira, mai gadi ya duba lamba ya ga ta yi daidai, ya buɗe ƙofa.

Da na duba bambancin da aka samu, sai na ga abin da ban shuka ba. Ban da layukana, wurare kamar biyar sun canza, duk a kan wani zaɓi mai suna runstatedir. Wannan zaɓin a 2.70 ya shigo Autoconf. Masu haɗa ƙunshin ne suka ɗauko shi suka yi wa tsohuwar faci da shi saboda bukatun masu amfani da su, kuma ba su yi laifi ba, gidansu suka gyara. Sai dai sakamakon shi ne lambar da ke goshinta 2.69 ce, amma abin da take haifarwa ba irin na asalin ba ne. Mai gadin lamba yake gani, ba ya ganin faci.

Nan ne ya kamata in tsaya. Gargaɗi ne na biyu a dare ɗaya. Maimakon haka sai na ce wannan ai tsakuwa ce a cikin shinkafa, tsincewa ake yi. Git, manhajar da ke ajiye tarihin rumbunmu, na ba mutum dama ya zaɓi guntun canjin da yake so ya shigar, ya bar wanda ba ya so. Na zauna ina tsinta, wannan nawa ne, wannan ba nawa ba ne, har fayil ɗin ya yi kama da mai tsabta. An ɗauke wuta tun magariba, batirin kwamfutar na ja da baya, ina so in tura kafin ta mutu. Na faɗi haka ne don a san yadda daren yake, ba don ya zama uzuri ba. Da safe ma aikin yana nan, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Sai na gwada, gwajin ya faɗi. Na gina wa siga ta 3, laburaren ta ɗauke ta sabuwa. Na buɗe dogon fayil ɗin na nemo inda layukana suka sauka, nan take na ga dalili. A harshen shel, wanda configure ke gudana da shi, in kana nufin kowace lamba daga 2 zuwa 4, sai ka sa su cikin baka-biyu mai kusurwa, [2-4]. Haka na rubuta a uwar. Abin da na sha'afa shi ne Autoconf a kan wani tsohon harshe mai suna m4 take aiki, kuma a wurinta wannan baka-biyun alamar zance ce: tana karantawa sai ta cire shi ta bar abin da ke ciki. Mai son nasa ya tsira sai ya ninka shi, [[2-4]]. Ni ban ninka ba, don haka ɗan ya fito da 2-4 tsirara, yana neman firosesar da a sunanta akwai 2 da karan ɗori da 4 a jere, wadda ba a taɓa ƙerawa ba.

Fayil ɗin yana buɗe a gabana, yatsana na kan wurin. Na saka baka-biyun nan a cikin ɗan, da hannuna, da niyyar in tabbatar wannan ce matsalar sannan in koma in gyara uwar. Na sake gini, ya yi. Na ji daɗin da mai aikinmu ke ji idan abu ya tashi bayan ya ƙi. Na haɗa faci, na tura, na rufe kwamfuta. Ban koma wurin uwar ba.

Washegari babbanmu ya yi bita ya amince. Na daɗe ina tunanin yadda abin ya wuce ta gabansa, kuma ban ga laifinsa ba. Mai bita uwar yake karantawa, ya ga ko tunanin ya tsaya. Ɗan kuwa ba ya bin sa layi-layi, domin akwai alkawarin da ba a rubuta ba tsakaninsa da mai turowa: wannan dogon abin inji ne ya fitar da shi daga wancan gajeren, ba wanda ya ƙara, ba wanda ya rage. Baka-biyu ɗaya a uwa, baka-biyu ɗaya a ɗa, ido na wucewa ya ga sun yi kama, alhali kamar ce shaidar cewa wani ya taɓa. A saman fayil ɗin akwai layin da ke cewa Autoconf 2.69 ce ta haife shi. Daga daren nan layin ya zama ƙarya, kuma ni na mayar da shi haka.

Wata bakwai komai na tafiya lafiya, tunda ɗan ake amfani da shi wajen gini, kuma ɗan daidai yake.

Sai aka ba ƙanena wani ɗan aiki a laburaren nan, abin da bai shafi rabawa ba ko kaɗan. Shi yaro ne mai karanta takardar umarni har ƙarshe. Ya sauko da asalin 2.69 daga rumbun GNU, ya gina ta da kansa, ya yi gyaransa, ya sake haifar da ɗan. Da yamma ya kira ni.

"Yaya, na ga wasu layuka sun canza waɗanda ban taɓa ba."

Na ce, "Kamar nawa?"

Ya ce, "Uku. Biyu lambobi ne, ɗaya kuma wata alama ce ta ɓace."

Lambobin nan biyu na san su. Wata manhaja mai suna Libtool na barin layuka biyu a cikin configure masu ɗauke da lambar layin da suke kai, kuma duk abin da aka ƙara a sama sai sun motsa. Nawa an lissafa su ne tare da layukan da na tsince na zubar, don haka tun daren farko ba su faɗi daidai ba. Sawun ɓarawo ne a kan yashi, da akwai mai dubawa. Ga shi mai dubawar ya zo, ya kuma kira ni. Ina tsakiyar wani aiki, ban ce ya turo mini in gani ba. Na ce masa, "Hayaniyar Autoconf ce, ƙanena, haka take yi. Rabu da ita, ka shigar."

Ya ce, "To, Yaya." Ya shigar.

Cikin duk abin da ya faru, wannan amsar ce ta fi ci mini rai, fiye da baka-biyun. Daren farko gaggawa ce da sakaci. Wannan kuwa koyarwa ce. Yaro ya zo da ido mai kyau, ya ga abin da bai gane ba ya tsaya ya tambaya, wanda shi ne dukan abin da ake nema a wannan sana'a, ni kuma na koya masa ya daina.

Gwaje-gwajenmu na kullum a kan makwaikwayi suke gudana, manhajar da ke kwaikwayon firosesar, kuma makwaikwayin ba ya ƙin umarnin rabawa ko da an ce masa tsohuwar siga ce. Duk suka wuce. Sai bayan sati biyar wani daga cikin masu amfani da kamfailar ya ɗora sabon gini a kan allo na gaske mai siga ta 3. Na'urar ta tashi, ta yi aiki har ta kai ga lissafin farko mai rabawa, ta sandare. Ya kashe ya kunna, ta sake sandarewa a wuri ɗaya. Allah ya taimaka a ɗakin gwaji ne, ba a kai ga ɗora shi a kan na'urorin da ke hannun jama'a ba.

Git na da dabarar farautar irin wannan. Sai ka ba shi ranar da abu ke lafiya da ranar da ya lalace, ya riƙa raba tarihin biyu yana sa ka gwada, har ya tsaya a kan shigarwa ɗaya. Ya tsaya a kan ta ƙanena. Inji bai yi ƙarya ba: kafin ita allo na aiki, bayanta ba ya yi. Babbanmu ya rubuto a zauren da duk muke, cikin ladabi, ya ce masa ya duba ya yi bayani. Yaron ya kwana uku yana bin gyaransa. Ya cire shi daga uwar ya sake haifar da ɗan, matsalar tana nan. Ya mayar, tana nan. Bai kawo a ransa cewa ɗan da ya tarar a rumbu ba uwar nan ce ta haife shi ba, domin ba abu ne da mai hankali ke zato ba. Ya fara zargin yadda ya gina tasa Autoconf ɗin. A rana ta uku ya turo mini hoton bambancin, da saƙo: "Yaya, ka taimaka ka duba, ina jin na yi wani babban shirme ban sani ba."

Ina buɗewa na ga layin. Jan layi da baka-biyu, koren layi babu. Ban yi daƙiƙa biyar ba na tuna daren, har da duhun ɗakin.

Ban amsa masa a daren ba, kuma wannan ma yana cikin lissafin. Na zauna ina auna wata hanya mai sauƙi da ta buɗe a gabana. Ina iya cewa na gano matsalar, m4 ce ta cinye alama, ga gyara. Duk gaskiya ne. Zan fito a matsayin yayan da ya ceci ƙanensa, za a gode mini, shi kuma zai zauna da tabon cewa shigarwarsa ta taɓa sandarar da allo. Ba wanda zai bi tarihi baya wata takwas ya tambayi yadda aka yi ɗa ya sami abin da uwa ba ta ba shi ba. Har na rubuta saƙon a haka, na karanta shi sau biyu. Abin da ya hana ni turawa kalmar nan ce tasa, shirme. Yana shirin karɓar laifin da zuciya ɗaya, kuma da ya karɓa, darasin da zai ɗauka shi ne bin ƙa'ida na jawo masifa.

Bayan asuba na kira shi kafin kowa. Na gaya masa komai, tun daga ƙunshin da na sauko da shi har zuwa amsar da na ba shi ranar da ya tambaya. Na ce ya yafe mini kwana ukun nan, da daren jiya da na bar shi cikin damuwa alhali na sani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai, Yaya, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai ya ƙara da abin da ban shirya ji ba: "Amma da ka ce in turo maka ranar nan." Na ce gaskiya ne.

Sannan na rubuta a zauren da aka tambaye shi, ba a gefe ba, tunda a nan sunansa ya fito. Na jera abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, na ce shigarwarsa ita ce ta farko cikin wata bakwai da ta bar laburaren nan yadda ya kamata, kuma ya lura da canjin ya tambaye ni, ni na ce ya wuce. Babbanmu bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: a ina kuma muke da irin wannan?

Ba wanda ya san amsa, ni ne kuma ya kamata in nemo ta. Sati biyu na yi a kai, kuma a nan na gane cewa aikin da na raina yana da rassa da yawa. Ba umarni ɗaya ba ne da za ka buga a saman rumbu komai ya haifu. Kowane ɗaki da al'adarsa. Wani Autoconf kaɗai yake bukata. Wani sai an fara da aclocal, mai tattaro guntayen m4 daga ɗakunan da aka nuna mata, kuma jerin da aka bi wajen nuna matan na iya sauya abin da za ta rubuta. Wani yana da fayil ɗin da autoheader ke fitarwa. Babban Makefile.in na saman rumbu kuwa ba Automake ce ke haifar da shi ba sam, wata manhaja ce daban, AutoGen, daga Makefile.def da Makefile.tpl. Wasu fayilolin saman ma GCC na tarayya ne a kansu da binutils da GDB, gyara a nan sai an kai shi can.

Akwai zaɓin da ake kunnawa lokacin gini, --enable-maintainer-mode, wanda ke sa make, manhajar da ke tafiyar da ginin, ta sake haifar da duk ɗan da uwarsa ta fi shi sabunta. Da farko na ɗauka shi ne maganin. Amma ɗakunan da ginin naka ya shiga kawai yake taɓawa, laburaren da ba a gina wa firosesarka ba ba zai leƙa ta ba. Kuma da lokacin da aka taɓa fayil yake aiki, Git kuwa ba ya adana wannan lokacin, shi ya sa ma GCC ke da wani ɗan rubutu a ɗakin contrib, gcc_update, mai daidaita lokutan bayan an sauko da sabon tarihi. Ɗana da na taɓa da hannu ya fi uwarsa sabunta, don haka a idon make lafiyarsa lau.

Abin da muka tsaya a kai ba shi da wata gwaninta. Muka haɗa kwantena ɗaya mai ɗauke da asalin kayan aikin, waɗanda aka gina daga tushen GNU ba tare da facin kowa ba, kowa da ita yake aiki. Muka rubuta abin da ke bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da al'adarsa, ya sake haifar da komai ko an taɓa ko ba a taɓa ba, sannan ya tambayi Git ko akwai bambanci. In akwai, ko da harafi ɗaya ne, faci ba ya shiga. Daga baya na ga cewa a shafin Sourceware ma akwai injin da aikinsa ke nan a kan rumbun GCC na asali. Ranar da muka fara kunna namu, ɗakuna biyu suka fito da bambanci ban da nawa. Ɗaya runstatedir ne da ya shige ba a lura ba, ba ya cutar da kowa. Ɗayan gyara ne da aka yi wa uwa aka manta ba a sake haifar da ɗa ba, wato akasin nawa: shekara guda ana zaton wani gwaji na gudana alhali bai taɓa gudana ba.

Wani cikinmu ya ce me zai hana a daina ajiye 'ya'yan a rumbu gaba ɗaya, ko a bar Autoconf kamar yadda wata kamfailar, LLVM, ta bar ta ta koma CMake a 2016? Magana ce mai nauyi, kuma na fahimci mai yin ta. Abin da ba a ajiye ba, hannu ba zai taɓa shi ba. Amma ni ban goyi baya ba, har yau kuma ban sauya ba. Reshe ne muke, duk nisan da muka yi da gangar jikin, mu za mu sha wahalar haɗewa. Sannan kamfaila ita ce abin farko da ake ginawa a kan sabuwar na'ura, lokacin da ba ta da komai sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma akwai daraja a fayil ɗin da shel kaɗai ya ishe shi ya gudana. Ajiye ɗan ba shi ne aibin ba. Aibin shi ne a ajiye shi ba tare da wanda ke tabbatarwa kullum cewa na uwarsa ne ba.

Abin da ke ba ni kunya shi ne na san wannan tunanin tun da daɗewa, har ina sha'awarsa a wani wurin. Idan GCC na gina kanta, sau uku take yi: kamfailar da aka tarar ta gina ta farko, ta farko ta gina ta biyu, ta biyu ta gina ta uku, sannan a gwada abin da ya fito a mataki na biyu da na uku. In suka bambanta, ginin ya faɗi. Na sha yi wa ƙanena bayanin kyawun wannan, cewa ba a yarda da kamfaila sai ta iya maimaita kanta. Ban taɓa juyowa na ga cewa tambayar nan ce ake yi wa configure ba, kuma nacewa a kan 2.69 ita ce ke ba da damar yin ta. In kowa da tasa sigar, kowane faci zai zo da ɗaruruwan layukan da ba na kowa ba, mai bita ya saba da kawar da kai, kuma a cikin abin da aka saba kawar wa kai komai na iya kwanciya.

A ƙarshen Maris na 2024 duniya ta ga iyakar wannan. Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya lura shiga wata kwamfuta ta ssh na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya da aka dasa a manhajar xz, sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Mabuɗin ƙofar a cikin wani fayil na m4 yake, build-to-host.m4, wanda aka sauya a ƙunshin da ake rarrabawa, ba ya kuma cikin rumbun Git da mutane ke karantawa. Wanda ya dasa ya san inda ido ba ya zuwa. Ni ban yi nawa da mugunta ba, kuma ban haɗa girman abubuwan biyu ba. Amma da nake karanta labarin, jikina ya yi sanyi, domin na san lungun. Na taɓa ajiye abu a cikinsa, ya yi wata bakwai ba wanda ya gani, kuma mutum ɗaya da ya gani ni na ce masa ya rabu da shi.

Tarihin rumbunmu ba a goge shi, don haka ba abin da zan iya yi wa shigarwar ƙanena. Duk wanda ya sake farautar ranar da allo mai siga ta 3 ya sandare, a kan sunansa zai tsaya. Abin da na iya shi ne shigarwar da ta gyara. Canjin harafi biyu ne a cikin uwar, amma bayanin da na rubuta a ƙarƙashinsa ya kai layi ashirin, da lambar shigarwata ta damina, da lambar tasa, da abin da kowannenmu ya yi. Kafin in tura sai da na ba shi ya karanta. Ya ce in cire wurin da na ambaci wayar da ya yi mini, wai ba sai kowa ya sani ba. Na ce masa wannan wurin zai zauna. Shi ya sake haifar da ɗan a kwantenar, shi ya yi bitar, sannan ya shigar.